Yadda ake kare tayoyin mota daga lotsawa idan za a ajiye ta tsawon hunturu a ƙasashen sanyi

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna Kanada da arewacin Amurka da ƙasashen Turai sukan zaɓi lokacin hunturu su tafi ganin gida, su bar mota a gareji tun daga Nuwamba ko Disamba har zuwa Maris. Wasu kuma ba tafiya suke yi ba, mota ta biyu ce gare su wadda ba sa son gishirin da ake zubawa a tituna domin narkar da ƙanƙara ya ci mata ƙarfe, sai su kulle ta har sanyi ya wuce. Ko wanne ne dalilin, abin da mai mota yakan tuna shi ne batir da mai da inshora, tayoyi kuwa sai ranar da ya dawo ya hau titi ya ji sitiyari yana karkarwa a hannunsa.

Haka ta faru da ni a hunturuna na biyu a Winnipeg. Na bar motata wata uku da 'yan kwanaki a garejin da babu na'urar ɗumama ɗaki, ban ko duba iskar tayoyin ba kafin in tafi. Da na dawo, motar ta tashi lafiya, amma ina kaiwa gudun kilomita 60 sai na ji kamar ina tafiya a kan hanya mai gargada, ga wata ƙara tana maimaita kanta daidai da juyin taya. Na kai ta wurin makanike ina zaton balansin ne ya lalace. Ya ɗaga motar, ya juya tayar gaba a hankali, ya kama hannuna ya ɗora tafina a kan haƙoranta, sai na ji inda da'irar ta katse, wani wuri mai faɗin tafin hannu ya baje. Tayoyin baya biyu sun warware da tafiya, na gaba kuwa sai da na sauya su.

Abin da ke jawo lotsawar

Duk nauyin mota a kan wurare huɗu yake sauka, kowannensu bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba. Motar da ta kai kilo 1,500 tana ɗora wa kowace taya kusan kilo 375, kuma na gaba sukan fi ɗauka saboda injin. Idan ana tafiya, wurin da ke taɓa ƙasa yana sauyawa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, don haka babu ɓangaren da ke daɗewa a danne. Idan mota ta tsaya kuwa, wuri guda ne yake ɗauke da kayan dare da rana.

A ƙarƙashin robar da ido ke gani akwai ɗamarar wayoyin ƙarfe, kuma a yawancin tayoyin zamani, musamman waɗanda aka yi domin gudu, akwai shimfiɗar zaren nailan a samanta. Halin nailan shi ne yana laushi idan ya ji zafi, idan ya huce kuma sai ya riƙe siffar da sanyi ya same shi a cikinta. Ita ma robar tana ƙara tauri a cikin sanyi. Saboda haka tayar da ta kwana a danne cikin tsananin sanyi takan wayi gari da ɗan wuri a baje, wanda tafiyar kilomita 20 zuwa 30 kan warware shi da zarar ta ɗumama. Wanda ake gudu shi ne na dogon zama, wato daga wata guda zuwa sama, musamman idan iska ta ragu, domin shi yakan ƙi warwarewa ko ya ɗauki tsawon lokaci. Wannan daban yake da cinyewar da taya ke yi idan an taka birki ta ja a kan kwalta, domin a can robar ce ta goge, kuma ba ta da magani sai sabuwa.

Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su yi ɓarnar: nauyi, da sanyi, da tsawon zama, da ƙarancin iska. Sanyi ba a hannun mai mota yake ba sai in yana da gareji mai ɗumi, amma sauran ukun duk yana da abin yi a kansu, kuma kusan duka aikin a kwana biyun ƙarshe kafin tafiya ake yin sa.

Mataki na farko: duba tayoyin da wanke su

A fara da wanke motar, a ba tayoyi da wili da ƙarƙashinta kulawa ta musamman idan an riga an fara zuba gishiri a tituna. Ruwa da sabulu da buroshi sun wadatar. A cire tsakuwar da ta maƙale a tsakanin haƙoran taya, a bar su su bushe sarai. Ba na ba da shawarar shafa man ƙyalli, musamman wanda aka haɗa da sinadaran fetur, domin taya tana da nata sinadaran kariya a cikin robarta, kuma babu wanda zai kalle ta a cikin gareji.

Yayin wankin a duba ko akwai ƙusa ko tsagewa ko kumburi a gefe. A shafa ruwan sabulu a kan bawul a ga ko zai yi kumfa. Tayar da ke sacewa a hankali ba ta damun mai hawa kullum, tun da yana ƙara mata iska duk mako, amma idan aka bar ta wata uku za ta kwanta har wili ya danne gefenta, kuma wannan ya wuce lotsawa, ya zama asarar taya gaba ɗaya. A kai ta a yi mata faci kafin tafiya. A kuma duba shekarunta: a ƙarshen jerin lambobin da ke farawa da DOT a gefen taya akwai alƙaluma huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanonin taya da dama suna cewa a sauya duk wadda ta kai shekara 10 ko da haƙoranta ba su cinye ba, kuma tsohuwar roba ta fi sabuwa wuyar komawa siffarta.

Mataki na biyu: rage kaya da zaɓen wurin tsayawa

A kwashe duk wani kaya mai nauyi daga but da cikin mota, kamar akwatin kayan aiki da buhun yashi ko gishiri da wasu ke ajiyewa domin hunturu. Wurin da za ta tsaya ya kasance shimfiɗaɗɗe, busasshe, babu malalar mai ko fetur a inda taya za ta zauna, domin suna cin roba. A nisanta ta da janareto da manyan injinan lantarki da tukunyar ɗumama gida, saboda na'urorin lantarki masu tartsatsi suna fitar da iskar ozon wadda ke tsattsaga roba. Barin mota a bakin titi tsawon hunturu kuwa ba abin yi ba ne, domin a birane irin su Montiriyal da Miniyafolis akan janye motocin da suka tare wa masu kwashe dusar ƙanƙara hanya.

Mataki na uku: iska

A nan ne ya kamata a fi tsayawa, domin ko da mutum bai yi komai ba sai wannan, ya yi fiye da rabin aikin. Akwai lambobi biyu da bai kamata a rikita su ba. Ta farko tana kan takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ita ce iskar da kamfanin motar ya tsara domin tafiya, kuma a ƙananan motoci yawanci tana tsakanin psi 30 da 35 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). Ta biyu tana rubuce a gefen tayar kanta, ita ce iyakar abin da tayar za ta ɗauka, sau da yawa psi 44 ko 51. Ga mazauna Turai da gejinsu ke nuna bar, bar ɗaya daidai yake da psi 14.5, don haka psi 35 ya kama kusan bar 2.4.

Iskar taya tana raguwa ta hanya biyu ko da babu huda. Tana zurarewa ta jikin roba da kusan psi ɗaya a wata, sannan tana ƙanƙancewa da sanyi, kusan psi ɗaya duk lokacin da yanayi ya sauka da digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salshiyas. A ɗauka an sa wa taya psi 33 a watan Oktoba ana digiri 15, sai Janairu ya zo gareji ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, abin da ba baƙo ba ne a Manitoba ko Albata. Bambancin digiri 35 ke nan, wanda zai cinye kimanin psi 6, a ƙara da 3 na zurarewar wata uku, sai a tarar tayar ta koma wajen psi 24. Tana nan tsaye, ido ba zai ga ta kwanta ba, amma wurin da ke taɓa ƙasa ya ƙara faɗi, gefenta ya ƙara lanƙwasa, kuma a lokacin ne robar ta fi tauri.

Maganin shi ne a sa iska fiye da ta tafiya. A fara duba littafin motar, domin wasu kamfanoni sun faɗi adadin da suke so a sa idan za a ajiye ta, kuma maganarsu ce gaba da ta kowa. Idan littafin bai ce komai ba, abin da nake yi shi ne in ƙara psi 5 zuwa 8 a kan lambar ƙofa, muddin hakan bai haura lambar gefen taya ba. Motar da ƙofarta ta ce 33, gefen tayarta ya ce 44, ina kai ta 40. Ba sabuwar dabara ba ce, domin su kansu masana'antu sukan cika wa sababbin motoci iska fiye da kima kafin a loda su a jirgin ruwa ko tirela saboda wannan dalilin, dillali ya rage ta kafin ya miƙa wa mai saye.

A auna iskar taya tana sanyi, wato bayan motar ta tsaya aƙalla awa uku. Tsarin da ya fi mini sauƙi shi ne in shigar da motar gareji da yamma, in bar ta ta kwana, da safe in auna in cika da ƙaramin famfon lantarki da ake jonawa a mota, sannan in gangara da ita kamar rabin mita domin ta bar wurin da ta huce a kai. A yi amfani da geji na hannu mai kyau, kada a dogara da fitilar gargaɗin da ke gaban direba, domin a motocin Amurka sai iska ta ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari take kunnawa, kuma babu mai ganinta a motar da ke kashe. A mayar da murfin kowane bawul. A rubuta a takarda cewa an ƙara iska, a ɗora a kan sitiyari, domin bayan wata uku mantuwa abu ne mai sauƙi. Masu tambaya game da iskar naitirojin su sani cewa tana ɗan rage saurin zurarewa, amma iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗarinta naitirojin ce, kuma sanyi yana ƙanƙantar da su duka biyun.

Mataki na huɗu: abin da za a shimfiɗa a ƙarƙashi

Ana sayar da matasan taya, wato wasu faifai masu ɗan kwari a tsakiya daidai da lanƙwasar taya, waɗanda ake hawa da mota a kansu. Amfaninsu shi ne suna raba nauyin a kan wuri mai faɗi ba tare da sun baje tayar ba, kuma ga wanda zai yi tafiya babu mai duba masa mota, su ne suka fi dacewa a haɗa da ƙarin iska. A sayi wanda faɗinsa ya kai na tayar, domin idan gefenta ya zarce ya rataya, an sauya wata matsala da wata. Guntun kafet mai kauri ko tabarmar roba suna raba taya da danshin siminti, kuma sun fi babu, amma shimfiɗaɗɗu ne, ba za su hana lotsawa su kaɗai ba.

Bayan motar ta zauna inda za ta zauna, kada a bar ta a kan hambirki, domin danshi kan sa birki ya kama ya maƙale bayan dogon zama. A sa mai otomatik a P, mai giyar hannu a giya ta ɗaya, sannan a tokare tayoyi da weji gaba da baya.

Mataki na biyar: motsa ta lokaci-lokaci

Idan mai motar yana gari, ko yana da amintaccen da zai bar wa makulli, a riƙa gangara da ita duk mako biyu, in an daɗe mako huɗu. Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan. Wata tayar da ake yawan gani a ƙananan motoci, mai lamba 205/55 R16, zagayenta kusan mita biyu ne, saboda haka wanda ya tura mota mita biyu cif ya mayar da ita kan wurin da ta taso. Rubu'in juyi ake so, kimanin santimita 50. A sa alli a ja layi a gefen kowace taya daidai inda ta taɓa ƙasa, a rubuta kwanan wata a bango, sai a tura har layin ya koma gefe, a karo na gaba ya koma sama. A duba iska a duk zuwa.

Turawa da hannu ta fi tayar da injin na minti biyar. Injin da bai yi zafi sosai ba yana barin raɓa a cikin salansa da baƙin mai, kuma hayaƙin mota a rufaffen gareji yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Idan za a tayar, a buɗe ƙofa, a fita da ita ta yi tafiyar minti 20 zuwa 30 a ranar da titi ya bushe. Sai dai motar da ke sanye da tayoyin gudu da aka yi domin lokacin zafi tana da nata hukuncin: robarsu takan yi taurin da za ta iya tsagewa idan aka motsa ta a sanyin da ya kai wajen digiri 7 ƙasa da sifili, don haka a bar ta inda take har wurin ya yi ɗumi na yini guda cur.

Ɗage mota daga ƙasa

Wannan ita ce hanyar da ke kawar da lotsawa baki ɗaya, tun da tayar da ba ta ɗauke da kaya ba ta da abin da zai danne ta. Duk da haka ba ita nake fara ba mutane shawara ba idan zaman bai wuce wata uku ko huɗu ba. Motar da aka ɗage ta gangar jikinta, ƙafafunta sukan rataya, sandunan shokazoba su fito waje danshi ya same su, robobin ƙafa su zauna a murɗe tsawon watanni. Haka kuma idan gobara ta tashi ko bututun ruwa ya fashe, ba za a iya fitar da ita da gaggawa ba.

Ga wanda zai yi wata shida ko fiye, ko mai tsohuwar mota da tayoyi masu tsada, ga yadda ake yi. A sami matokaran ƙarfe guda huɗu waɗanda nauyin da aka rubuta a jikinsu ya haura na motar. A yi aikin a kan siminti mai ƙwari wanda bai karkace ba. A tokare tayoyin baya, a ɗaga gaba da jak daga wurin da littafin motar ya nuna, a zura matokarai, a sauke a hankali har nauyin ya zauna a kansu, sannan a koma baya a maimaita. Idan littafin ya yarda a tokare ta ƙarƙashin ƙafafun motar kusa da taya, hakan ya fi, domin sifirin zai ci gaba da ɗaukar nauyinsa kamar tana ƙasa. Ya isa taya ta rabu da ƙasa da yatsa ɗaya ko biyu. A girgiza motar da hannu a tabbatar ba ta motsi. Kada a bar mota a kan jak shi kaɗai, domin jak mai aiki da mai yana saki a hankali, kuma kada a ɗora ta a kan bulo, domin yana fashewa ba tare da gargaɗi ba.

Wasu sukan cire tayoyin kirki su sa wa motar tsofaffi ta zauna a kansu, kuma dabara ce mai kyau ga wanda ke da su. Waɗanda aka cire, idan suna kan wili, a jera su a kwance ɗaya bisa ɗaya ko a rataye su ta wilin. Idan babu wili, a tsayar da su a riƙa juya su duk wata, kada a rataye. A sa kowace a babbar leda, a ajiye a wuri mai sanyi-sanyi da duhu, a rubuta mata gurbin da ta fito.

Ranar fitar da mota

Kafin a motsa, a auna iskar tayoyi huɗun da ta safaya, a mayar da su kan lambar ƙofa, domin tafiya da iska mai yawa tana rage riƙon titi kuma tana cinye tsakiyar taya. A zagaya da tocila a duba tsagewa da kumburi. Idan an cire tayoyi an mayar, a ɗaure notuna da ma'aunin ɗauri gwargwadon abin da littafin ya ce, a sake duba su bayan kilomita 80 zuwa 100. A cire weji, a gwada birki a hankali tun a bakin gareji, domin tsatsar da ta hau faifan birki takan yi ƙara a takun farko.

A fara tafiya a hankali cikin unguwa, sannan a hau babban titi a yi kilomita 25 zuwa 30 da matsakaicin gudu. Ɗan karkarwar da aka ji da farko ya kamata ta riƙa raguwa yayin da tayoyin ke ɗumama. Kada a yi saurin kai mota balansin a ranar, domin idan aka daidaita tayar da ke lotse, gyaran zai zama kuskure da zarar ta koma da'irarta. Idan an yi kwana biyu ko uku ana hawa karkarwar tana nan, a kai ta shagon taya da zafinta, a roƙi su ɗage ta nan take domin tayoyin su huce a rataye, sannan su auna da'irar kowace a kan na'ura. Wadda ta ƙi komawa bayan wannan, a sauya ta tare da 'yar uwarta ta ɗaya gefen, idan kuma motar mai jan ƙafa huɗu ce, a duba littafinta a ga ko sai an sauya duka huɗun.